Rumfar da Malam Ya Yi wa Hajjo Alkawari

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka ’yata Saude ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya zo mini, don har yau ba na iya ambaton Malam idona bai kawo ruwa ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Mutanen Kankia sun san shi da Mai Rumfa, ni kuma matar Mai Rumfa, sunan da ya kusa shafe Binta da aka raɗa mini.

Na ce a rubuta ne saboda ku samarin yanzu. Kowa ya sami ɗan jari sai ya sayi rumfar haya, wadda kuke ce wa kanofi, yana ganin ai ƙarfe ne kawai za a zura cikin ƙarfe a ja tamfol a kai. Zan ba ku labarin rumfa guda, wadda Malam ya yi alkawarin kafawa a Kaikai, ya rasu bai kafa ba, alkawarin ya dawo wuyana. Amma sai kun san sandar tukuna, in ba haka ba ba za ku gane abin da na sha ba.

Kowace sandar rumfa biyu ce. Rabi yana da baki mai faɗi, rabi yana da wuya siriri, wuyan ya shige bakin kamar taƙi guda. An yi su haka ne don a ɗauke su a babur, a kuma iya shiga da su ta zaure. Duk sana’ar nan a wannan mahaɗar take. In ta kama da yawa sai ta maƙale, ƙarti su taru su kasa raba ta. In ta yi sako-sako, iska tana shiga ƙarƙashin tamfol sai ta zare, rumfa ta rufto kan baƙin mutane. Aikinmu shi ne ta zauna tsakani, ta riƙe lokacin da ake so, ta saki lokacin da aka ce ta saki.

Aikin farko da na sa hannu a ciki wani suna ne a Kunduru, ba da daɗewa ba bayan an ba Katsina jiha. Lokacin Malam bai jima da kawo sandunansa daga wajen wani mai walda ba. Mai gidan sunan yana son rumfa a tsakar gida don mata, amma ya ce namiji baƙo ba zai wuce zaurensa ba. Malam ya dawo yana saƙe-saƙe, ya ci tuwo rabi ya ture, can ya dube ni.

“Binta, za ki iya?”

“Iya me, Malam?”

“Abin da kike kallo kullum kina yi mini dariya.”

A tsakar gidanmu ya koya mini. Ya ba ni wuyan sanda ya ce in rufe ido in shafa. Na ce ban ji komai ba. Ya ce in sake, da bayan yatsa. Sai na ji ɗan ƙaiƙayi, ƙwayoyin yashi da ido bai gani. Ya ce waɗannan ne abokan gabarmu, ba tsatsa ba, don tsatsa tana ba ka lokaci, yashi kuwa yana shiga yau ya kulle yau. Na tafi Kunduru, na tara matan gidan kowa na ba ta ƙafa ɗaya ta riƙe, muka ɗaga. Da tamfol ya miƙe inuwa ta sauka a tsakar gidan, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Malam yana waje ya ji, ya san an gama. Daga ranar rumfar maza tasa ce, ta cikin gida tawa, kuma duk sandar da ta dawo sai ta bi ta hannuna kafin ta kwanta.

Kayan aikina ba su cika kwando ba. Totuwar masara da toka, da su nake goge wuya har ya yi fari. Tsumma a ɗaure a kan kara, shi nake turawa cikin baki in juya in fito da abin da ke ciki. Guntun kyandir, in goga sau ɗaya sama sau ɗaya ƙasa, shi ke nan. Ƙusoshi na ƙafafu, don kowace ƙafa tana da huda, in an haɗa a zura ƙusa a ɗan lanƙwasa bakinta. Sai robar cikin tayar keke, wadda nake yankawa tsiri-tsiri. In an haɗa sanda, na sa farce na ji babu tsaga tsakanin baki da kafaɗar wuya, sai in naɗe wurin da roba tamau. Robar aiki biyu take yi, ta hana yashi shiga, ta hana sanda zarewa. In an dawo gida kuwa kowane baki sai na toshe shi da totuwa, don zanzaro ba abin da yake so kamar ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututu.

Mai kam, kowane iri ne, Malam ba ya yarda a kusantar da shi ga sanda. Ku kuna ɗebo baƙin mai daga wajen makaniki ku lafta, kuna jin daɗi sanda ta shige sulul. Ku jira ta taɓa ƙasa. Mai ya kwashi yashi ya zama kamar kwaɓin siminti. In bai yi haka ba kuma, roba ba za ta kama a kansa ba, iska ta samu hanya.

Wata Hajiya a Kusada da ta dawo daga Makka ta ce a bar mata rumfa a ƙofar gida kwana da kwanaki, har sai wanda ke ƙauye ma ya zo ya yi mata barka. Malam bai musa ba, amma kullum da yamma sai ya hau babur ya je, ya bi kowace mahaɗa ya kwance roba ya ɗan murɗa ya mayar. Hajiya ta aiko a tambaye shi ko tsoron sata yake yi. Ya ce a gaya mata tayar da su yake yi, don sandar da ta yi barci a haɗe ba ta son farkawa. Masu hayar rumfa iri-iri ne. Yaran ’yan siyasa su ne masu jan sanda a ƙasa kamar an aike su sharar gari. Matan biki su rataya zannuwa da jakunkuna, yara su yi lilo. Masu zaman makoki su ne ba su taɓa ɓata mana komai ba, kuma Malam bai taɓa bari su jira shi ba.

Dije kuwa ba mai haya ba ce. Bafulatana ce daga Kaikai, mai tallar nono, da take sauke ƙwaryarta a gidanmu ta huta in ta shigo gari. Tana zuwa da ’yarta Hajjo tun tana goye. Da Hajjo ta fara tafiya, wata rana ta sa baki a bututun sanda ta yi ihu, ta ji muryarta ta fito ta can ƙarshen, ta tsorata ta faɗi zaune. Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Dije, ki shaida, ranar auren yarinyar nan rumfata ce za ta yi mata inuwa, ni zan kai da kaina.” Shekara da shekaru yana maimaitawa, duk sanda ya ga Hajjo ta ƙara tsawo sai ya ce sandunansa suna jira.

Mugunyar shekarar ta fara ne da wata walima a unguwarmu, farkon damina. Malam ya kafa babbar rumfa da safe, da la’asar yana alwala ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Muka tafi asibiti a Katsina muka daɗe. Maƙwabta, Allah ya saka musu da alheri, suka sauke tamfol suka ninke, suka zare ƙusoshi, suka ɗan ja sandunan. Wasu suka fito rabi suka tsaya, wasu ko motsi ba su yi ba. Suka jawo su a ƙasa haka nan suka jera a bayan ɗakinmu, daidai ƙarƙashin indararo. Damina duka a kansu ta sauka.

Da aka dawo da shi gida Dije ta zo dubiya, ta ce an sa wa Hajjo rana, sai bazara. Lokacin harshensa ya yi nauyi, ba a jin abin da yake faɗa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kifa shi a sama kamar rufi, ya dube ta, ya dube ni. Da kaka, ana yankan gero, Allah ya karɓi abinsa. Saude, dakata kaɗan.

To. Na yi takaba na fita, amma bayan ɗakin nan ban iya leƙawa ba. Ko kaza ta shiga wurin sai dai in kira ta daga nesa. Sai da zafi ya fara, Dije ta zo ta sauke ƙwarya, ta yi ta zagaye-zagayen magana, daga ƙarshe ta ce, “Yaya Binta, maganar rumfar nan a bar ta. Mai alkawari ya tafi, ba wanda zai ce komai. Akwai inuwar tsamiya.” Na ce mata tsamiya ba ta yi wa kowa alkawari ba, ta je ta ci gaba da shirinta. Tana fita na zagaya bayan ɗaki.

Abin da na gani ya sa na zauna a ƙasa. Sanduna sun yi ja wur, mahaɗu sun cushe da laka da tsatsa. Waɗanda suka fito rabi sun ƙame a haka, huda ba ta dace da huda ba, wata ƙafa ta fi wata tsawo. Ko an kai su Kaikai a haka ba za su tsaya ba. Na aika aka kira mini Lawal, ƙanin Malam, wanda ke da ’yar motar a-kori-kura. Ya kama gefe na kama gefe, muka murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ko gezau.

“Matar Yaya, waɗannan ai sun zama ƙarfe guda. Bari in je wajen masu sabon kanofi in karɓo ɗaya mu kai. Dije ina za ta gane?”

“Ita ba za ta gane ba, ni zan gane. Rumfarsa ya ce.”

“To ba ni guduma.”

“Ka taɓa guduma ka ga yadda ake korar ƙanin miji da muciya. Ka lotsa bakin, sai dai a kai wa ’yan gwangwan.”

Ya ce shi dai ya faɗi gaskiya, in na shawo kansu in aiko ya zo da mota.

Na fara da abin da Malam ya koya mini. Na kankare lakar waje, na jingina sandunan a bango, na ɗiga kananzir a kowace mahaɗa na bar shi ya bi ciki. Da ya jiƙa sai na kifa turmi biyu nesa da juna, na ɗora sanda, kowane ƙarshe a kan turmi, mahaɗa a tsakiya tana reto. Ana danna tsakiyar ne a saki, a juya sandar kaɗan, a sake dannawa, har yashin da ke ciki ya niƙe. Ina cikin haka maƙwabciyata Tabawa mai ƙosai ta leƙo ta katanga. Mace ce mai jiki, muryarta har bakin kasuwa.

“Binta, sabon salon daka ne wannan, ko zafi ne ya taɓa ki?”

“Sauko ki taya ni, nauyin nan naki yau ya samu aiki.”

Ta shigo ta danna sau ɗaya, sai muka ji wani ƙas-ƙas a ciki, jan ruwa ya fara ɗigowa daga mahaɗar. Na ce mata wannan ƙarar ita nake nema. Muka zuba tafasasshen ruwa a gefen baki don ya buɗe, muka naɗe gefen wuya da tsumma mai ruwan randa. Muka kama muka murɗa, hannu yana zamewa, tafin hannuna ya saɓule. Tabawa ta tsaya tana haki, ta dubi sandar, ta dubi taɓaryar da ke jingine.

“Abin nan ai kunne ya rasa. Ba ki ga tukunya ba a ɗaga ta sai da wurin kamawa? Kawo robar nan taki.”

Ta gicciya taɓarya a kan rabin sanda ta ɗaure da roba, ta naɗa ta naɗa har ta zauna daram. Ta aika gidanta aka kawo wata taɓaryar muka ɗaure a ɗaya rabin. Kafin mu gama matan unguwa sun ji labari sun cika gidan, kowa tana ba da shawara. Tabawa ta raba su gida biyu, waɗannan su danna taɓaryarsu ƙasa, waɗancan su ɗaga tasu sama, ta ɗauko waƙar daka tana bayarwa suna amsawa, duk inda amshi ya faɗo a murɗa. Ana cikin haka sandar ta yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta juya. Muka juya ta baya, muka sake gaba, tsatsa tana zubowa kamar garin barkono, sai ga wuya ya zare, mutanen Tabawa suka zube a ƙasa kan juna. Na yi dariya, dariyar da ban yi ba tun faɗuwar Malam. Daga nan ta juye mini kuka, na rungume guntun ƙarfen nan ina yi, matan suka bar ni har na gama, sannan Tabawa ta ce, “To share, saura da yawa.”

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, yau kaɗan gobe kaɗan, in rana ta yi sanyi. Wadda ta fi ba mu wuya ita ce doguwar sandar sama da tamfol ke hawa, wadda muke ce wa gadon baya. Da ta fito na goge ta da toka, sai na ga tsatsa ta ci wuyan ya rame, yana shiga baki yana rawa. Ita kuma ba ta da huda, don ƙusa a can sama yaga tamfol take yi. Roba ce kaɗai za ta riƙe ta. Na yanko roba mai faɗi na ajiye mata daban.

Ranar biki Lawal ya zo da sassafe, ya ga sanduna a jere farare, ya cire hula ya sosa kai. Muka loda, ni da Tabawa muka shiga gaba. Gidan su Dije yana bayan garin Kaikai, ɗakuna ne a zagaye da dangar kara, garke a gefe. Lawal ya sauke kaya ya tafi wurin maza a gindin tsamiya. Kafin in taɓa komai Dije ta ja mu gaida surukarta, tsohuwa mai son labari, kuma Tabawa ta zauna ta ba ta labarin taɓare tun daga farko, har da yadda aka faɗi. ’Yan uwan Dije suna bakin ƙofa suna ji, suna ta salati.

Da muka fito na hangi sandunan suna ƙyalli a rana, ƙudaje suna binsu. Ƙamshi ya gaya mini kafin in isa. Matan nan, don tausayin wahalar da muka sha, sun ɗebo man shanu sabo, wanda aka tara don baƙi, sun shafe kowane wuya, sun cusa a kowane baki. Ƙanwar Dije ta tare ni tana murmushi, hannunta sharkaf.

“Inna, yanzu kam har abada ba za su ƙara maƙalewa ba.”

Tabawa ta ce, “Saura a barbaɗa gishiri a kawo tuwo.”

Ban iya yi musu faɗa ba, mutanen da suka ba ƙarfe abin da suka hana bakinsu. Na ce a kawo toka da dussa. Muka goge wuyoyi suka yi dama-dama, amma wanda ke cikin baki zafin rana ya narkar da shi ya gangara can ciki, duk sanda na goge sai wani ya sake tsattsafowa. Baƙi kuma sun fara isowa. Na ce bismillah a ɗaga. Ƙafafu ban damu da su ba, ƙusa ta riƙe su. Gadon baya na naɗe shi da faffaɗar robar nan, ina naɗawa ina jin tana santsi a hannuna. Muka ja tamfol, muka kafa turaku muka ɗaure igiyoyi, inuwa ta sauka. Aka shimfiɗa tabarmi, aka fito da Hajjo a lulluɓe ƙawayenta suka kewaye ta, tsofaffi suka jeru da ƙoren fura. Ni ko zama ban yi ba, idona yana sama.

Bayan la’asar gabas ta haɗe. Iskar farko ta zo da sanyi da ƙamshin ƙasa, maza suka watse da gudu wajen shanu, har da Lawal, don garke ya fara firgita. Iska ta biyu ta shiga ƙarƙashin tamfol ta kumbura shi kamar cikin saniya, ƙafafun gabas suka ɗaga daga ƙasa suka dawo. Na ce kowace mace mai ƙarfi ta kama ƙafa ta rataya a jiki. Tabawa ta rungume ta kusurwa ta ce in iska ta isa ta ɗauke su tare. Na ɗaga kai, sai na ga abin da nake tsoro. Robar gadon baya ta zame gefe, farin wuya ya fara bayyana, duk bugun iska yana ƙara fitowa. In ya zare, rabi biyun nan a kan amarya da tsofaffi za su sauko.

Dije ta kama hannuna ta ce, “A fitar da mutane a sauke ta, Yaya Binta, kin yi iyakar yinki.” Ɗakunan kuwa ba za su ɗauki ko rabin matan ba, ga yayyafi ya fara. Na waiga ina neman doguwar igiya, duk namu suna kan turaku. Sai idona ya faɗa kan dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere, tana kwance babu komai a kanta don an saki maruƙan.

“Ku kwanto mini dangwali. Ke mai man shanu, kawo turmi da muciya.”

Na hau turmi, mata biyu suna riƙe da ƙuguna, zane yana kaɗawa. Na zarga igiyar a ƙarshen gadon baya na gabas, aka ja turmin aka kai ni ƙarshen yamma na zarga, na dawo da ita na ƙulla, ta zama riɓi biyu a ƙarƙashin sandar daga wannan kai zuwa wancan. Aka kai ni tsakiya. Wuyan saura kaɗan ya fita, ina ganin bakin yana buɗewa yana rufewa a saitin fuskata. Na zura muciya tsakanin igiyoyin biyu na fara juyawa. Igiya ta murɗe ta ɗaure, ta fara kuka. Na ƙara juyi, ƙanwar Dije ta hau gefen turmin ta kama ɗaya kan muciyar muka juya tare. Sai wuyan ya tsaya. Muka ƙara, ya koma ciki kaɗan. A nan man shanun ya yi mana rana, don da muka ba shi juyi na gaba sai ya shige sulul har kafaɗa, muka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Na cire ɗankwalina na ɗaure muciyar a jikin sanda don kada ta warware.

“Ta zauna!” Ni ce na yi wannan ihun, da tsufana.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Iska ta yi ta dukan tamfol, rumfa tana rawa tana nishi, amma ba ta saki ba. Matan da ke waje suka kwaso tukwane da yara suka cuso ciki, aka matsu har ba wurin sa ƙafa. Wata ta fara guɗa, ƙawayen amarya suka ɗauki tafi, aka dasa waƙa ruwa yana zuba ta ko’ina a gefe. Hajjo ta ɗaga mayafi ta dubi sama, ta dube ni, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Tabawa har lokacin tana rungume da ƙafarta, tana cewa wani ya sa mata fura a baki don hannunta ba ya sakuwa.

Da ruwa ya tsagaita tsohuwar nan surukar Dije ta sa aka yi shiru. Ta ɗaga hannu ta ce a yi wa Mai Rumfa addu’a, ya ce zai yi wa jikarta inuwa kuma ya yi. Matan nan duka suka shafa. Na tsuguna a gindin turmi na yi kuka mai isata, ba wadda ta ce in yi haƙuri, Dije ma taya ni ta yi.

Washegari da hantsi muka sauke. Na sa aka tafasa ruwa da toka muka wanke kowane baki, na hana a ajiye ko ɗaya a ƙasa. Lawal yana lodi, sai wata mata da ta zo biki daga Rimaye ta biyo ni har bakin mota, ta gaishe ni ta ce ɗanta zai sauke Alƙur’ani bayan salla, tana son rumfa a cikin gida, ko zan kai mata.

Duk shekarun nan in mace ta tambaye ni haka amsata ɗaya ce, bakina ya saba. Na buɗe baki na ce, “To, bari in gaya wa Ma…” sai na tsaya. Lawal ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. Matar tana tsaye tana jira.

Na goge fuskata da gefen mayafi na ce, “Wace unguwa ce a Rimayen? Zan kawo, in Allah ya kai mu. Ki dai ɓoye man shanunki.”